Wayar injekta da zafin inji ya ƙona

Malam, ka ce robar wayoyin injektan tsohuwar motarka ta bushe tana farfashewa, ko naɗa tef zai wadatar? Ba zai wadatar ba. Cire kan batir na negatif, ka yanke wayar har inda robarta ke da laushi, jan ƙarfen bai yi baƙi ba. Jona sabuwa mai kauri ɗaya, ka liƙe da dalma, ka rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Ɗaya bayan ɗaya, kar su rikice maka.

Tef kam gam ɗinsa narkewa yake a wurin. Wayar da ke zuwa birenbos, wato kwamfutar motar, kuwa in ta taɓa bodi, injekta zai tsaya a buɗe, fetur ya cika silinda. In soket ɗin ma ya tsage, nemi ɗan Beljiyam a Panteka.