Amsa kan asalin Diana: gidan Spencer, tumakinsu da ƙauyen Great Brington

Assalamu alaikum 'yan'uwa. 'Yar'uwarmu ta tambaya shekaranjiya ko gaskiya ne marigayiya Gimbiya Diana 'yar talakawa ce, mai renon yara a makaranta, Allah ya ɗaga ta ta auri Yarima Charles, sannan mene ne asalin gidansu. Na ga amsoshi sun rabu biyu, shi ya sa na ce bari in sa baki. Na yi shekara shida a garin Northampton ina tuƙa motar rarraba kaya, ƙauyukan da ke kewaye da gidan su Diana kuwa suna kan hanyata kusan kowane mako.

'Yar'uwa, Diana ba 'yar talakawa ba ce ko kusa. Inda aka samu ruɗani shi ne, a tsarin Ingila duk wanda ba shi ke kan gadon mulki ba, kuma ba shi da kansa ke riƙe da sarautar gado ba, ana lissafa shi cikin gama-garin mutane, abin da suke kira "commoner", ko da ubansa ya mallaki rabin lardi. Wannan kalmar ce aka juya mana da "talaka". Aikin renon yara kam ta yi shi a unguwar Pimlico a Landan. Amma an haife ta ne a 1961 a Park House, cikin gandun Sarauniya na Sandringham, mahaifinta ya yi hidima a fadar Sarki George na shida da ta Sarauniya Elizabeth, a 1975 kuma ya gaji sarautar Earl Spencer, ɗaya daga cikin sarautun gado na manyan gidajen Ingila, shi ne na takwas.

Gidan gadonsu shi ne Althorp, kimanin kilomita 10 daga Northampton. Idan kina kan titi ba ki ganin gidan, katangar dutse kawai za ki yi ta bi, doguwa, da manyan itatuwa a bayanta. Wanda ke son sanin mutanen nan, ni a ganina, ya bar katangar ya hau tudu zuwa Great Brington. Ƙaramin ƙauye ne, gidajensa na dutse mai ruwan zuma, wasu da jinkar ciyawa mai kauri. Ranar da na fara shiga cocin ƙauyen, ruwan sama ne ya tsare ni bayan na sauke kaya. Wata dattijuwa da ke gyara furanni ta ga ina leƙe, ta yafito ni. A gefen arewa akwai wani ɓangare da aka kange da sandunan ƙarfe masu tsini, a kulle. Ta tsakaninsu na hango gumakan dutse kwance a kan kaburbura, mazan da sulke, matan da tufafin zamaninsu, hannuwa haɗe a ƙirji. Mafi tsufa a ciki na Sir John Spencer ne da matarsa Isabel. Shi ya gina wannan ɓangaren, ya rasu a 1522, tun daga nan kuma zuriyarsa ke kwanciya a wurin. Da na fito na tsaya a bakin maƙabarta, abin da ke gabana har iyakar gani ciyawa ce da tumaki.

Tumakin nan su ne asalin komai. John Spencer makiyayi ne daga lardin Warwickshire, mai hayar filayen kiwo, yana sayar da ulu da raguna. Da ya tara, sai ya sayi ƙasar Wormleighton a 1506, ya sayi Althorp a 1508 daga hannun iyalin Catesby. Sarki Henry na takwas ya ba shi laƙabin Sir a 1519. Ba da takobi ya samu ƙasa ba, da garke ya same ta.

Akwai ɓangaren labarin da ke taɓa mini zuciya, wanda masu yawon buɗe ido ba su cika jinsa ba. A wancan zamanin ulu ya fi hatsi kawo kuɗi, kuma makiyayi ɗaya da karensa sun isa su kula da filin da a da yake ciyar da gidaje goma. Don haka masu ƙasa suka riƙa tayar da manoma, suna kewaye gonaki da shinge, suna sakin tumaki. A Wormleighton, wanda ya riga Spencer mallakar wurin, William Cope, ya rushe gidaje ya kori mutum kusan 60 gab da shekarar 1500. Althorp ma ƙauye ne a da, sunansa na cikin littafin ƙidayar ƙasa na 1086, amma kafin Spencer ya saye shi ya riga ya zama kufai. Adalci ne a faɗa cewa ba shi ya yi korar ba, har ma ya gina wasu gidaje a Wormleighton. Sai dai a kan waɗannan kufayi garkensa ya yi ƙiba. Na taɓa zuwa Wormleighton da yamma, rana ta karkata, sai ga shatin tsohon ƙauyen a cikin ciyawa, tudu-tudu da kwari-kwari, inda gidaje da lunguna suke a da. Na daɗe a tsaye ina tunanin inda waɗannan bayin Allah suka nufa da 'ya'yansu.

Cikin shekara ɗari gidan ya kai inda ya kai. A 1603 Sarki James na ɗaya ya naɗa Robert Spencer sarautar Baron, ana kuma cewa a lokacin babu wanda ya kai shi tsabar kuɗi a hannu a faɗin Ingila. Amma tsofaffin gidajen sarauta ba su daina yi musu kallon masu warin garke ba, su ma abin yana damunsu. A 1595 wani jami'in da ke kula da tambura da salsalar manyan gidaje, Richard Lee, ya rubuta musu asali da ya haɗa su da Despenser, wani tsohon gidan sarauta mai ɗaruruwan shekaru. Sai a 1901 masanin tarihi Horace Round ya bi takardun ya nuna ƙirƙira ce. Wannan abin bai burge ni ba, domin asalinsu na gaskiya ba abin kunya ba ne. Robert ɗin ma ya nuna haka a 1621. Ana muhawara a majalisar masu sarauta, Earl na Arundel ya goranta masa cewa lokacin da ake manyan al'amura kakanninsa suna kiwon tumaki. Kamar yadda aka ruwaito, ya mayar masa cewa lokacin da nasa kakannin ke kiwo, na Arundel suna ƙulla cin amanar sarki. Arundel ya ƙi ba da haƙuri, aka kai shi kurkukun Hasumiyar Landan.

Daga nan sai aure da siyasa. Jikan Robert, Henry, ya samu sarautar Earl na Sunderland a 1643, a shekarar kuma aka kashe shi a yaƙin Newbury yana bayan Sarki Charles na ɗaya. A yaƙin basasar Ingila na wancan lokacin aka ƙone gidansu na Wormleighton, Althorp ya zama cibiya. A 1700 wani Spencer ya auri Anne Churchill, 'yar Duke na Marlborough, daga 'ya'yansu gidan ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya gaji Marlborough, daga cikinsa Winston Churchill ya fito. Ɗayan ya riƙe Althorp, ya samu sarautar Earl Spencer a 1765, shi ne reshen su Diana.

A duk zuriyar, wanda na fi ƙauna shi ne Earl na uku, John Charles. Shi ne ministan kuɗi daga 1830 zuwa 1834, shi ya ja ragamar dokar gyaran zaɓe ta 1832 a majalisar wakilai, har ana masa laƙabi da Jack mai gaskiya. Da mahaifinsa ya rasu ya bar siyasa ya koma kiwon shanu, abin da ransa ke so tun farko. Mahaifin nasa kuwa littattafai ya tara, kimanin 40,000. Da farashin amfanin gona ya faɗi, Earl na biyar ya sayar da su a 1892 ga Enriqueta Rylands a kan fam 210,000, yanzu suna ɗakin karatu na John Rylands a Manchester.

Wani zai ce ta yaya ƙasa ta zauna a hannun gida ɗaya shekara sama da 500? Ba a raba ta ne. Babban ɗa namiji ke kwashe sarauta da gida da gandu. Diana tana da yayye mata biyu, Sarah da Jane, amma ƙaninsu Charles ne ya gaji komai a 1992, gandu mai kimanin eka 13,000 da gonaki da gidajen haya a ƙauyukan kewaye. Ga mu da muka saba da rabon gado kowa da kasonsa, abin yana da nauyi a zuciya, ni dai har yau bai kwanta mini ba.

Da Diana ta rasu a Faris ranar 31 ga Agusta 1997, niyyar farko ita ce a kai ta cocin Great Brington wurin kakanninta. Ƙaninta ya ga ƙaramin ƙauye ba zai ɗauki tururuwar jama'a ba, ga batun tsaro, sai aka binne ta ranar 6 ga Satumba a wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar tafki a cikin Althorp. Duk wanda ya ga irin ƙuncin titin ƙauyen, inda mota biyu sai ɗaya ta raɓe, ya san ya yi daidai. Na je tafkin sau ɗaya da iyalina. Hanyar zuwa an dasa mata itatuwa 36, adadin shekarunta. Ba a haye wa tsibirin, daga gaɓa ake tsayawa. Matata 'yar Maiduguri ce, ta girma tana jin labarin zuwan Diana asibitin kutare na Molai a 1990, yadda ta riƙe hannuwan marasa lafiya ba tare da ƙyama ba. A bakin ruwan nan sai da ta share hawaye.

'Yar'uwa, in Allah ya kai ki, a watannin Yuli da Agusta aka saba buɗe gidan ga baƙi, ki duba ranakun kafin ki tashi. In kin tambayi hanya kada ki yi mamaki in kin ji tsofaffi suna kiran wurin "Oltrop". Ki ware awa ɗaya ki hau Great Brington, ki kuma duba daɓen cocin da kyau, akwai dutsen kabarin Lawrence Washington da ya rasu a 1616, kakan kakannin shugaban Amurka na farko.