Ko Sunan Kakanmu Yana Cikin Littafin Mamatan Ikko?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ce mai rubuta rajistar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a nan Jos. A gidanmu ana ba da labarin ƙanen kakan mahaifina, bafataken goro, wanda ya tafi Ikko, wato Legas, zamanin Turawa bai dawo ba. Abokan tafiyarsa suka ce annoba ce ta ɗauke shi. Shin a lokacin ana rubuta waɗanda annoba ta kashe? In ana rubutawa, zan iya samun sunansa?
Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ana rubutawa, kuma a duk Nijeriya babu garin da ya riga Ikko. Turawa sun karɓe ta a 1861, suka kafa dokar rajistar haihuwa da mutuwa a 1863, ko da yake sai a 1892 aikin ya kankama. Dalilin wannan himma tashar jiragen ruwa ce. Garin da aka ce akwai annoba a cikinsa, sauran tashoshi sukan killace jiragen da suka fito daga can, ciniki ya tsaya. Don haka likitan gari yakan ƙirga mamata, ya rarraba su bisa ga cuta, kowace shekara a buga rahoto a aika Landan.

Tunda bafataken goro ne, annoba biyu nake zato. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fatake da yawa sun bar doguwar hanyar Gwanja ta ƙasa. Sai a ɗoro goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yau zuwa Ikko, daga nan ya hau jirgin ƙasa zuwa Arewa. Ta wannan hanyar ruwa cututtukan biyu suka shigo.

Ta farko ita ce Marisuwa, murar nan da ta game duniya a 1918. Ta sauka Ikko a watan Satumba tare da fasinjojin wani jirgi mai suna Bida, cikin wata biyu ta kashe mutum wajen 1,200 a garin da mazaunansa ba su fi 82,000 ba. Daga nan ta bi layin dogo da koguna ta watsu a ƙasa. Za ki ji ana cewa ta kashe kusan mutum 500,000 a Nijeriya. Wannan ƙiyasi ne, domin a mafi yawan ƙasar babu mai rubuta mutuwa. Na Ikko ya fi ƙarfi saboda akwai littafin shekarun baya da za a gwada da shi: a duba mutum nawa ke mutuwa a Oktoban da babu annoba, a cire daga na Oktoban 1918, abin da ya rage shi ne ɓarnar cutar, ko da likita bai ga gawa ɗaya ba. Masu bincike har yau da wannan dabara suke aiki, da ita aka auna ɓarnar korona.

Ta biyu, wadda na fi karkata gare ta, ita ce ɗa'uni, cutar da ƙumar ɓera ke sa wa mutum, ya kama zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta fito masa a matsematsi ko hammata. Ta ɓulla a Ikko a watan Yulin 1924, kuma hukuma ta danganta shigowarta da fataucin goro daga Gana, inda cutar ke ci a wannan shekara. Ba ta lafa ba sai 1931. Abin da aka rubuta: mutum 1,947 sun kamu, 1,813 sun mutu.

Ke da kike aikin rajista, tsaya ki dubi waɗannan lambobi biyu. Sun nuna cikin kowane mutum 100 da suka kamu, 93 sun mutu. Alhali ɗa'uni mai kaluluwa, ko ba magani, yawanci tsakanin 30 zuwa 60 cikin 100 yake kashewa. Wanda ya shiga huhu ne ba ya barin kowa. Ko an ce masu ciwon huhun suna da yawa a ciki, ni abin da nake karantawa a nan shi ne hukuma gawa take ƙirgawa fiye da majiyyaci. Wanda ya kwanta a ɗaki ya sha saiwa ya tashi, ba ya cikin littafi. Kuma mutane suna da hujjar ɓoyewa. In aka samu cutar a gidanku, za a ɗauke majiyyacin zuwa asibitin killacewa, a tsare waɗanda suka yi hulɗa da shi, a yi wa gidan feshi, wani lokaci a rushe shi. Unguwar Oko Awo, inda cutar ta fi yin kaca-kaca, rusau aka yi mata, kuma saboda wannan annoba aka kafa hukumar tsara birnin Ikko a 1928. Duba-gari ya zama abin gudu. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin damuwa: muna son a yi wa mamaci sutura da wuri, likita yana son ya bincika gawa. Baƙon da ya rasu a masaukin fatake, mai masaukinsa yana tsoron a rufe masa gida da kayan mutane a ciki, kin ga ai ba zai yi gaggawar kai rahoto ba.

Abin dariya a cikin abin kuka, ɓeraye sun fi wasu mutanen samun kyakkyawan lissafi. Ana kama su dubbai, a feɗe, a rubuta nawa ke ɗauke da cutar da unguwar da aka kamo su, domin mutuwar ɓera ita ke riga ta mutum.

Sai ki kiyayi sunan cutar ma. Akasarin masu mutuwa likita bai taɓa ganinsu da rai ba, abin da dangi suka faɗa wa magatakarda shi ake rubutawa. "Zazzaɓi" kaɗai yana iya zama na cizon sauro, ko shawara, ko ɗa'unin da aka sakaya. Mutuwar Bature kuwa ana bin diddiginta, a ware mata shafi dabam, duk da ba su taka kara sun karya ba a yawan jama'ar gari.

Batun suna, kada in sa miki rai da yawa. Rahoton shekara lambobi ne zalla. Sunaye suna cikin littafin rajistar mutuwa, da na asibitin killacewa, da wasiƙun likitoci lokacin da cuta ta fara ɓulla, domin a nan sukan rubuta wane ne, daga ina ya zo, a gidan wa ya sauka. Takardun Ikko suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke harabar Jami'ar Ibadan. Na Kaduna, wanda ya fi kusa da ke, na lardunan Arewa ne, zai yi miki amfani in a hanya ya rasu, ko in kina son ganin abin da Marisuwa ta yi a garuruwan kuza, tunda a lokacin ƙaramin jirgin ƙasa yana zuwa Jos daga Zariya.

Kafin ki kashe kuɗin mota, zauna da tsofaffin gidanku. A gano shekarar, ko da ta hanyar cewa wane sarki ke kan gado, ko wa aka haifa a lokacin. A gano unguwar da yake sauka da sunan mai masaukinsa. A tambayi laƙabinsa, domin magatakardan Ikko yakan rubuta Bahaushe da sunan garinsu, wane Kano, wane Bauci, da rubutun da kunnensa ya jiyo masa. In sun ce mutuwar ta zo ne daidai ƙarshen yaƙin duniya na farko, nemi takardun Satumba zuwa Disambar 1918. In sun ambaci kumburi ko ɓeraye, fara da 1924.