Na fi jin daɗin jikata a kan 'ya'yan da na haifa

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 57, 'ya'yana biyar, duk sun girma. Babbar 'yata ta haifa mini jika mace, yanzu shekararta biyu da rabi, kuma tunda nake ban taɓa jin daɗin yaro kamar ita ba. Sai in zauna ina kallonta tana fama ta cusa ƙafarta a takalmina, awa guda ta wuce ban sani ba. Nawa 'ya'yan kuwa, abin da na fi tunawa da ƙuruciyarsu shi ne wanki, zazzaɓin tsakar dare da faɗa.

Makon jiya ta karya mini hannun tabarau. Na yi dariya na rungume ta. Uwarta na tsaye bakin ƙofa, sai ta ce, "Umma, ni da na fasa miki kofi ina 'yar shekara shida, kin tuna abin da kika yi mini?" Da murmushi ta faɗa, amma idonta ya kawo ruwa. Na tuna sarai. Tun ranar barci ya gagare ni. Shin na fi son jikata ne a kan 'ya'yan cikina? Kuma me zan ce wa 'yata?

Wata kaka

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba sonki ne ya ƙaru ba, kaya aka sauke miki. Ranar da kofin nan ya fashe, ƙila akwai goyo a bayanki, wani na jan zanenki, ga barcin da kike bin bashi, tunda jariri duk bayan awa 2 ko 3 yake tashi neman nono. Ga kuma fargabar uwa, wadda ke ganin duk ɓarnar da yaro ya yi ba a tsawata ba, gobe ita za a zarga. Yau kuwa jikarki in ta fara rigima sai ki miƙa wa mai ita. Ai dole dariya ta yi sauƙi.

Masana ma sun leƙa wannan al'amari. A 2021 masu bincike a Jami'ar Emory ta Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar kakanni mata 50 suna kallon hotuna. In hoton jika ne, sashen da ke sa mutum ya ji abin da wani ke ji shi ya fi motsawa. In na ɗansu ne da ya girma, sai sashen tunani da ƙoƙarin fahimta ya fi aiki. Kin ga ba ke kaɗai ba ce.

Sai dai ni maganar 'yarki ta fi tsaya mini a rai. Ba kishi take da 'yar cikinta ba. Ta ga wata fuska taki ce da ta so gani tana ƙarama ba ta samu ba. Kada ki ce mata "haka aka yi mana mu ma", ko ki hau lissafa mata wahalar da kika sha, ta sani, yanzu ita ma a ciki take. Ki kira ta ku biyu, ki ce kin tuna kofin, kin tsananta, ta yafe miki. Na san da nauyi uwa ta furta haka ga 'yarta, amma girmanki ba zai ragu ba.

Abu na ƙarshe, in ta tsawata wa yarinyar kada ki shiga tsakani a gabanta, ko da ranki bai so ba. Ki bari sai kun keɓe. In kuma so kike ki rage mata gajiya, ki karɓi jikar wuni guda, ki ce ta je ta yi barci. Tabarau kuwa a kai gyara, kuma ki daina ajiye shi inda hannun mutuniyar taki zai kai.