Amsa: Zuwa gandun Royal daga Sidni ba tare da mota ba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da rana ɗaya a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ba ka da mota, kana tambaya ko za ka iya ganin gandun dajin Royal. Ƙwarai kuwa, amma ka yi sammako.

Ka hau jirgin ƙasa layin T4 daga tashar Central zuwa Cronulla, sannan ƙaramin jirgin ruwa ya tsallaka da kai Bundeena. Daga nan hanyar ƙafa ta bakin teku ta fara, kilomita 26 har Otford. Kada ka ce za ka cinye ta a yini ɗaya, yawanci kwana biyu ake yi. Shawarata ka nufi Jibbon, tafiya ce gajera, inda za ka ga zanen kifaye da dabbobi da mutanen Dharawal, 'yan asalin yankin, suka sassaƙa a kan shimfiɗaɗɗen dutse tun kafin zuwan Turawa. A ganina wannan ya fi komai a wurin. Idan tsakanin Mayu da Nuwamba ne, tsaya a kan tsauni ka zuba wa teku ido, lokacin wucewar manyan kifayen nan ne masu feso ruwa sama.

Tun 1879 aka keɓe gandun, shekara bakwai bayan gandun dajin Yellowstone na Amurka.

Don Allah ka rabu da Figure Eight Pools, ramukan ruwan nan da ke kan dutse a bakin teku cikin gandun, waɗanda ake ta ɗaukar hoto. Igiyar ruwa na hawowa kan dutsen ba zato, ta jikkata mutane da dama. Ka riƙe isasshen ruwan sha, ka kuma duba lokacin jirgin ruwa na ƙarshe kafin ka yi nisa.