Na samu aiki a kamfani, zan iya sayar musu da kayana?

Tambaya: Malam, ni matashi ne mai sayar da kayan ofis, irin su takarda da tawadar firinta. Kwanan nan na samu aiki a sashen sayen kaya na wani babban kamfani, na bar wa ƙanena harkar. Na ga irin kayanmu suke saye, kuma da tsada. Laifi ne in riƙa kawo musu ta hannun ƙanena? Sannan wani ɗan kwangilarsu ya aiko mini da sabuwar waya, wai ta taya murna ce.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a aikin. Bari in fara da wayar, don ita ta fi gaggawa. Kada ma ka ɓare kwalinta. Gobe da safe ka rubuta wa shugaban sashenku imel, ka faɗi wanda ya aiko da ita da ranar da ta iso, ka nemi a gaya maka yadda za a yi da ita. Mutumin nan bai san ka ba sai da ka hau kujerar. Ranar da takardar farashinsa ta zo teburinka tare da na wasu mutum biyu, zai kira ka ya tambayi lafiyar waya, daga nan kuwa bakinka ya mutu.

Na san a kasuwa wanda ya haɗa ciniki yana da la'adarsa, kowa ya sani, ba a ɓoyewa. To can kuɗinka kake juyawa. Nan kuwa dukiyar masu hannun jari ce aka ba ka amana, kuma akwai doka a bayanta. Misali, a ƙasashen waje, tun 1977 Amurka ta haramta wa kamfanoninta ba jami'an gwamnatocin ƙetare cin hanci. Dokar Birtaniya ta 2010 ta zarce haka, domin ta kama mai bayarwa da mai karɓa ko da babu gwamnati a cinikin, kuma kamfanin kansa yana iya shiga laifi idan ya kasa hana mutanensa ba da rashawa. Shi ya sa manyan kamfanoni da yawa ke da rajistar rubuta duk kyautar da aka kawo wa ma'aikaci.

Maganar ƙanenka ta fi ɗaure kai, don na yarda za ku iya kawo kayan da sauƙi fiye da yadda suke saye. Amma kai ne mai zaɓen wanda za a saya a wurinsa, kai ne kuma mai cin ribar. Ko farashinku ya fi na kowa arha, muddin ka ɓoye alaƙar, ka ci amana. Kuma abin ba ya ɓoyuwa: masu binciken kuɗi kan gwada adireshi da lambar waya da asusun banki na 'yan kwangila da na ma'aikata, da zarar sun dace a kira ka. Kana kuma cikin lokacin gwaji, wanda galibi wata 3 zuwa 6 ne, inda sallama ba ta da wuya. Ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka karanta abin da ta ce kan yin wata sana'a a waje. Ka bayyana harkar taku a rubuce. In sun amince ƙanenka ya shiga takara kamar kowa, kai ka tsame hannunka daga zaɓen da kuma biyan kuɗin. In sun ƙi, ka haƙura da wannan cinikin.

Abin da nake so ka gani shi ne ka shigo da jarin da yawancin abokan aikinka ba su da shi. Ka san farashin sari, ka san jabun tawada daga kwalinta, ka iya tayi. Yi wa kamfanin aiki da wannan. Duk rangwamen da ka samo musu, rubuta tsohon farashi da sabo da ranar. Lokacin duba aikin ma'aikata a ƙarshen shekara, wannan lissafin za ka ajiye a gaban shugabanka ka nemi ƙarin albashi ko matsayi.

Harkar da ka bari kuwa, ku rubuta da ƙanenka nawa ne jarinka, yaya za a raba riba. Asusunta daban, na albashinka daban, kuma kada ka yi mata ciniki da wayar ofis ko a lokacin aiki.