Suna sujada, suna ba da zakka: me ya lalace a Isra'ila zamanin Amos?

Tambaya: A zumuntar mata muna nazarin littafin Amos. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutanen nan ba su bar sujada ba, suna miƙa hadaya, suna ba da zakka, ƙasarsu kuma tana cikin wadata. To me ya lalace har Ubangiji ya ce ya ƙi jinin bukukuwansu?

Amsa: 'Yar'uwa, kin lura daidai. Amos ya yi annabci a zamanin Yerobowam na biyu, wanda ya yi shekara 41 yana sarautar Isra'ila ta arewa, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. Wannan sarki ya maido da iyakokin ƙasar (2 Sarakuna 14:25), ciniki ya haɓaka, Betel, babban wurin ibadar ƙasar, ta cika da masu sujada. Ɓarnar tana kasuwa, tana wajen bashi, tana kuma ƙofar gari inda dattawa ke zaman shari'a.

Mu fara da kasuwa, domin a nan Amos 8:5-6 ya fi fayyacewa. Hatsi da mudu ake aunawa, wato efa, mai cin kimanin lita 22. Kuɗi kuwa ba a ƙirga shi a lokacin, azurfa ce ake ɗorawa a ma'auni, a sa dutsen shekel mai nauyin kimanin giram 11 a ɗaya gefen. Ɗan kasuwa sai ya rage girman mudun, ya ƙara wa dutsen nauyi. Mai saye ya karɓi hatsi kaɗan, ya zuba azurfa fiye da kima, an cuce shi sau biyu a ciniki ɗaya. Har sharar alkama ake haɗa masa. Kuma masu yin haka suna kiyaye Asabar! Suna zaune ne kawai suna ƙosawa ta wuce su buɗe rumfa. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta riga ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami.

Daga nan sai bashi. Manomin da aka tauye wa mudu, aka kuma ɗora wa harajin hatsi (5:11), dole ya ranta. Shari'ar Musa ta kewaye shi da kariya: in an karɓi mayafinsa jingina, a mayar masa kafin faɗuwar rana domin da shi zai kwana (Fitowa 22:26-27), kada a karɓi dutsen niƙa jingina, a kuma yafe bashi duk shekara 7. Amos 2:8 ya nuna masu ba da rance suna shimfiɗa waɗannan mayafai na jingina suna kwanciya a kansu a gindin bagade. A ganina wannan aya ce amsar tambayarki. Tabarmar mai sujada ita ce bargon talakan da ke kwana cikin sanyi a daren. In bashin ya gagara biya, sai a sayar da mutumin kansa, ko da kuɗin bai wuce na takalmi ba (2:6).

Wanda aka zalunta ina zai kai kuka? Ƙofar gari. Amma masu shari'a suna cin hanci, ana kuma ƙin wanda ya tsaya ya faɗi gaskiya (5:10-12). Wannan ne ya mai da cuta ta zama tsari, domin zamba a kasuwa tana gyaruwa muddin alƙali na tsaye. Riba kuwa ta tafi gidajen sassaƙaƙƙun duwatsu, gidan rani daban na damina daban, da gadajen hauren giwa (3:15, 6:4). Masu tonon kayan tarihi sun haƙo sassaƙe-sassaƙen hauren giwa masu yawa a Samariya, babban birnin ƙasar, a shekarun 1930.

Gidan sujada ma bai tsawata ba. Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙarar Amos wurin sarki, ya kuma ce wa Amos ya koma Yahuza ya nemi abincinsa can, domin Betel wurin sujadar sarki ne (7:10-13). Firist ɗin da ke cin abinci daga fada ba zai so jin Amos, makiyayi daga Tekowa, yana maganar mudu ba. Kada a manta kuma, ɗan maraƙin zinariya na Yerobowam na farko ne ya kafa wannan sujadar sarki ta Betel tun asali, annabi Yusha'u ya fi tsayawa a kan wannan ɓangaren.

Bayan rasuwar Yerobowam na biyu abin bai ɗauki lokaci ba. Ɗansa Zakariya ya yi wata 6 aka kashe shi, Shallum da ya kashe shi ya yi wata ɗaya. Cikin sarakuna 6 na ƙarshe, 4 kashe su aka yi. Menahem, wanda ya gaji Shallum, ya biya sarkin Assuriya talanti 1,000 na azurfa, ya karɓi shekel 50 daga kowane attajiri (2 Sarakuna 15:19-20). A wajajen shekara ta 722 kafin Almasihu Samariya ta faɗi bayan an kewaye ta shekara 3, aka kwashe mutanenta zuwa Assuriya. Ku haɗa 2 Sarakuna 15 da 17 cikin nazarinku, za ku ga yadda abin da Amos 5:27 ya faɗa, cewa za a kai su bauta, ya cika.