Tambaya da Amsa: Wai da gaske leza na hana ƙarfe jiƙewa?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mai walda ne, na ga wani bidiyo ana ɗiga ruwa a kan farantin ƙarfe, ruwan na tsalle yana gangarewa ko danshi babu, wai leza kawai aka haska masa, ba fenti ba komai. To ni a sanina leza wuta ce, yanka take ko ta narkar, ya aka yi ba ta ƙona shi ba?

AMSA: Yauwa maigida, da gaske ne, kuma sirrin duk yana wajen lokaci. Lezar da ka sani tana daɗewa a wuri ɗaya har zafi ya ratsa gefe da gefe, shi ya sa kake ganin bakin yanka ya canza kala. Ita wannan ƙyiftawa take, ƙyiftawar da ake aunawa da femtosakan, wato ka raba sakan ɗaya gida miliyan, ka ɗau ɗaya ka sake raba shi gida biliyan. A femtosakan 100 haske da duk gudunsa bai wuce kaurin silin gashi ba! To kafin zafin ya samu damar bazuwa cikin ƙarfen, 'yar fatar saman ta riga ta tashi ta bar wurin, na kusa da ita kusan bai ma san an yi ba.

Abin da ke saura shi ne wasu 'yan kunyoyi da tuddai da ido ba ya gani, jere reras, tazararsu sau da yawa ba ta kai maikiromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Iska na maƙalewa a tsakaninsu sai ɗigon ruwa ya rasa wurin zama, kamar dai a ganyen lotus, wannan mai kama da bado. Chunlei Guo da abokin aikinsa a Jami'ar Rochester ta Amurka sun nuna haka a 2015, kuma a jami'ar ce Donna Strickland da Gérard Mourou suka gano dabarar ƙara wa irin wannan ƙyiftawa ƙarfi a 1985, ta kai su ga kyautar Nobel a 2018.

Abin da ni ya fi burge ni, yawanci in an gama aikin ƙarfen shan ruwa yake yi da farko, sai ya sha iska na kwanaki ko makonni, ƙwayoyin sinadarai masu kabon da ke cikin iskar sun manne masa, sannan ya fara korar ruwan.

Ba ruwa kaɗai ba fa, in an sauya zanen ƙarfe na iya komawa baƙi ƙirin, ko ya riƙa walainiya kamar bayan faifan CD, kuma da irin wannan lezar ake buga baƙar lamba a kayan tiyata wadda ke jure wanki da turarawa.

Amma kar ka yi saurin ajiye kayan waldarka, injin na da tsada, babban faranti na cin lokaci, kuma in ka goga masa sanfefa zanen ya tafi kenan.